Shin inabin Shiraz daga Iran ya fito? Asali da halin Syrah

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. A karatunmu na itatuwan marmari na ci karo da wani baƙin inabi da wasu ke kira Syrah, wasu kuma Shiraz. An ce daga birnin Shiraz na Iran aka kai shi Turai. Gaskiya ne? Mene ne halinsa, kuma me ya raba shi da inabin da muke saya a kasuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, Syrah da Shiraz iri ɗaya ne, kuma ba daga Iran ya fito ba. Ɗan kudu maso gabashin Faransa ne, an san uwarsa, an san ubansa. Kusan duk abin da ake nomawa na wannan iri matse shi ake yi a yi jar giya, hukuncin giya kuwa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, haramun ce. Ni a kan shukar zan yi maka bayani, domin tarihinta na cikin mafi amfani ga duk mai son fahimtar yadda iri ke samuwa, yadda yake yaɗuwa, da yadda yake ɓacewa.

Labarin Iran ɗin ba a banza ya samu karɓuwa ba. Birnin Shiraz, a lardin Fars, ya daɗe da suna wajen gonakin inabi, kuma a ƙarni na 17 fataken Turai suna sayen giyarsa suna kaiwa Indiya da wasu wurare. Tun bayan juyin juya halin 1979 aka hana yin giya a Iran, inabin yankin ya koma na ci da na zabibi. To mutum ya ji sunan iri ya zo daidai da sunan gari mai irin wannan tarihi, ai zuciya za ta haɗa su. Su kansu manoman kwarin Kogin Rhône a Faransa sun daɗe suna ba da wannan labari. Suna cewa wani jarumi mai suna Gaspard de Stérimberg ya dawo daga yaƙi da rauni a wajajen 1224, ya hau wani tsauni da ke saman garin Tain ya keɓe kansa don ibada, shi ne ya shuka kurangar da ya zo da ita daga Farisa. Daga wannan zaman kaɗaici tsaunin ya samu sunansa na Hermitage, kuma har yau akwai ɗan ƙaramin ɗakin ibada a ƙololuwarsa. Sai dai yaƙin da ake danganta shi da shi, wanda aka yi da mabiya wata ɗariƙar Kirista da ake kira Katar, a kudancin Faransa aka gwabza shi. Ko da labarin gaskiya ne, mutumin bai taka ƙasar Farisa ba. Akwai kuma masu cewa sojojin Rum ne suka kawo shi daga Siracusa ta tsibirin Sisili, wasu su ce Girkawan da suka kafa Marseille wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk waɗannan kamannin suna kawai suka bi, babu takarda ko shuka da ta tsaya musu shaida.

Abin da ya raba gardama ya zo a 1998. Ƙungiyar Farfesa Carole Meredith ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da Jean-Michel Boursiquot da abokan aikinsa na Montpellier, suka yi wa Syrah gwajin ƙwayoyin halitta, irin wanda ake yi don tabbatar da uban yaro. Yadda abin yake shi ne, a kowane gurbi da aka duba a cikin DNA, shuka tana ɗauke da alama biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Idan ka duba gurabe masu yawa, ka tarar a kowannensu alama ɗaya ta dace da wani iri, ɗayar kuma ta dace da wani irin, ba tare da saɓani ko sau ɗaya ba, to ka samu iyaye. Da aka gwada Syrah da ɗaruruwan ire-iren inabi, biyu ne suka dace. Uban shi ne Dureza, wani baƙin inabi na yankin Ardèche, a yammacin Kogin Rhône. Uwar kuwa Mondeuse Blanche ce, farin inabi na yankin Savoie, can gabas wajen tsaunukan Alps. Dukansu ba su taɓa yin suna ba, kuma ba a san su a wajen wannan kusurwa ta Faransa ba. Tunda dole ne iyayen su kasance a kusa da juna kafin garin furen ɗaya ya sauka a kan furen ɗaya, masana suka karkata ga cewa a tsakanin yankunan biyu aka haife shi, wajen arewacin Isère. Wannan ɗakin binciken na Davis ne kuma ya gano a 1997 cewa wani irin inabin, Cabernet Sauvignon, ɗan Cabernet Franc ne da Sauvignon Blanc.

Za ka iya tambaya, yaya farar uwa ta haifi baƙin ɗa? Baƙi shi ne launin asali na inabi. Farin inabi ya samu ne saboda wata tawaya a ƙwayoyin halittar da ke umartar ɓawo ya yi launi. Idan ɗa ya gaji lafiyayyen kwafi ko da guda ɗaya, daga uba ko daga uwa, ɓawonsa zai yi baƙi. Syrah ya gaji nasa daga Dureza.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau, don a nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa. Inabi ba ya maimaita kansa ta ƙwaya. Duk wanda ya taɓa shuka ƙwallon mangwaro mai daɗi ya jira shekaru, ƙarshe ya samu mai zare da tsami, ya san wannan. Idan ka shuka ƙwayar Syrah, abin da zai tsiro wani sabon iri ne dabam wanda duniya ba ta taɓa gani ba. Saboda haka Syrah sau ɗaya tak aka haife shi. Ƙwaya ɗaya ce ta faɗi ƙasa a wata gona ko bakin shinge, ta tsira, wani manomi da ba a san sunansa ba ya ɗanɗana 'ya'yanta ya ga sun fi na maƙwabtanta, ya yanki reshe ya dasa. Daga wannan reshe aka yanki wani, aka ci gaba da haka tsawon ɗaruruwan shekaru. Duk kurangar Syrah da ke duniya yau, wajen hekta 190,000 bisa ƙiyasin hukumar inabi ta duniya na shekarar 2015, jikin wannan shuka ɗaya ce aka yayyanka aka rarraba. Ni dai duk lokacin da na tuna haka sai girman aikin manomi mai lura ya ƙara cika mini ido. Babu jami'a, babu ɗakin gwaji, idonsa da harshensa ne kawai suka zaɓo abin da ƙasashe ke cin arzikinsa yanzu.

Akwai gaskiya ɗaya da ta rage wa masu ra'ayin gabas. Shi kansa inabin gida, kakan duk ire-iren nan, a yammacin Asiya da yankin Kokeshiya aka fara nomansa. An tono tuluna masu alamar ruwan inabi a Jojiya da suka kai kimanin shekara 8,000, an kuma samu wasu a Hajji Firuz da ke tsaunukan Zagros na Iran, na wajen shekara 7,000. To idan zancen kakannin kakanni ake yi, duk inabin Turai yana da jini a gabas. Amma wannan bai mai da Syrah ɗan Shiraz ba.

Mu dawo kan halinsa a gona. Syrah kuranga ce mai ƙarfin girma, tana fitar da dogayen rassa masu saurin karyewa idan iska ta buge su. Wannan babbar matsala ce a mahaifarta, domin kwarin Rhône hanyar wata iska ce mai sanyi da ƙarfi da ake kira Mistral, wadda ke kaɗowa daga arewa ta nufi Bahar Rum. Shi ya sa a Côte-Rôtie, wani yankin gonaki na arewacin Rhône, da Hermitage za ka ga kowace kuranga ɗaure da turken katako, wani wuri ma a haɗa kawunan turaku biyu su tokare juna. Gonakin kuwa a jikin gangaren dutse suke, an yi musu hawa-hawa da katangun duwatsu don kada ruwan sama ya wanke ƙasar. Tarakta ba ta shiga mafi yawansu, da hannu ake komai, har ɗauko 'ya'yan a baya ko jan su da igiya. Tohonta yana makara da fitowa, abin da ke kare ta daga ƙanƙarar farkon bazara, amma 'ya'yan ba sa jinkirin nuna. Idan sun nuna kuma ba sa jira. Kwanaki kaɗan na sakaci a lokacin zafi sun isa ƙwayoyin su fara yamushewa, tsami ya zube, zaƙi ya yi yawa. Ba ta son ƙasa mai farar ƙasa da yawa, ganyenta kan yi rawaya saboda ta kasa jan ƙarfe. Ƙasa mai tsakuwa, mara riƙe ruwa, wadda ba ta cika taki ba, ita ce ke ladabtar da ita. Idan ka ba ta ƙasa mai kyau da ruwa isasshe za ta cika maka kwando, amma 'ya'yan za su zama salam.

Wani hali nata da ya dace ɗalibin noma ya sani shi ne yadda take yi da ƙishirwa. Grenache, wani irin inabin da ake yawan shukawa kusa da ita a kudancin Faransa, da ya ji ƙasa ta fara bushewa yake rufe ƙofofin numfashin ganyensa ya yi tattalin ruwa. Syrah ba ta saurin rufewa, tana ci gaba da sha da fitarwa har sai wuya ta kai mata. A shekara mai matsakaicin fari wannan yana taimaka mata ta ci gaba da ciyar da 'ya'ya, amma idan fari ya tsananta ita ce ke fara zubar da ganye.

'Ya'yan ƙanana ne zuwa matsakaita, masu ɗan tsawo, baƙaƙe wuluk da shuɗi-shuɗi, da wata farar hoda a jikin ɓawo. A nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take. Inabin ci, wanda ake sayarwa a kasuwa, an zaɓe shi ne don girman ƙwaya, da tsoka mai ƙarfi, da siririn ɓawo, da rashin iri a ciki, da jure tafiya. Inabin matsa kuwa akasin haka ake nema. Launi da ƙamshi da bauri duk a ɓawo da iri suke, ruwan cikin Syrah ma fari ne idan ka matse shi a hankali. Ƙaramar ƙwaya tana nufin ɓawo mai yawa a kan ruwa kaɗan. Abin da zai ba ka mamaki shi ne Syrah ya fi inabin kasuwa zaƙi, domin akan bar shi har sukari ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansa, alhali na ci akan tsinke shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ana iya cinsa, halal ne kamar kowane ɗan itace, sai dai ɓawon zai ɗaure maka baki, irin kuma ya dame ka.

Abin da ya fi fitar da Syrah daga cikin sauran shi ne ƙamshin masoro. An daɗe ana faɗar haka, wasu suna ganin ƙawa ce kawai ta masu ɗanɗano, har zuwa 2008 da masu bincike na cibiyar nazarin inabi ta Ostareliya da ke Adelaide suka gano sinadarin, sunansa rotundon. Da suka duba sai suka tarar shi ne kuma ke cikin ainihin masoron, baƙi da fari. A ɓawo yake zama, kuma ƙarfinsa ya wuce misali: kimanin nanogiram 16 a lita ɗaya ya isa hanci ya kama shi, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Sun kuma gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin wannan ƙamshi ko da an ninka shi sau da yawa. Ka ga mutum biyu za su iya yin musu a kan abu ɗaya, kowannensu kuma gaskiyarsa yake faɗa. Rotundon yana taruwa ne a wuri mai sanyi da shekara mai sanyi, da kuma nonon inabin da ke cikin inuwa. Shi ya sa Syrah na arewacin Rhône, ko na tsaunukan Grampians a jihar Victoria ta Ostareliya, ake siffanta shi da masoro da zaitun da hayaƙi, na kwarin Barossa mai zafi da ke Ostareliya ta Kudu kuma a siffanta shi da nunannun baƙaƙen 'ya'yan itace da kauri. Shuka ɗaya ce, ƙasa da rana ne suka bambanta.

Mahaifar tasa ƙarama ce ƙwarai, siririn zirin ƙasa ne tsakanin garuruwan Vienne da Valence. Tsaunin Hermitage gaba ɗayansa bai kai hekta 140 ba. Duk da haka a ƙarni na 18 da na 19 sunansa ya kai inda 'yan kasuwar giya na birnin Bordeaux ke sayen ruwansa suna ƙara wa nasu don ya yi launi da ƙarfi. Dokokin yankin ma sun bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye. A Cornas ba a yarda a haɗa Syrah da komai ba. A Côte-Rôtie an halatta a gauraya shi da farin inabi Viognier har kashi 20 cikin 100, a Hermitage kuma da Marsanne da Roussanne har kashi 15.

Sai annoba ta zo. A 1863 aka fara ganin kurangu suna mutuwa a kusa da Pujaut a kudancin Rhône, a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ya gano wani ɗan ƙaramin ƙwaro, filoksera, yana tsotsar saiwa. Daga Amurka ya shigo a jikin shuke-shuken da aka kawo. Ya cinye gonakin Faransa, ya bazu Turai. Maganin da ya tsaya a ƙarshe shi ne aure: a ɗauki saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, a ɗora mata reshen Turai. Har gobe kusan duk Syrah na Faransa a kan saiwar Amurka yake tsaye. A wannan sake dashe ne ƙananan ire-ire da yawa suka salwanta, domin manomin da ya yi asara ba zai kashe kuɗin aure a kan irin da ba ya kawo riba ba. Dureza na cikin waɗanda suka kusa ƙarewa ƙurmus. Abin da ya cece shi shi ne rumbun ire-iren inabi na Vassal, kusa da Marseillan a bakin Bahar Rum, wanda aka kafa a 1949 a kan rairayi domin filoksera ba ta iya rayuwa a yashi. Ire-ire sama da 2,000 ake adanawa a can. Da ba a ajiye wannan iri da kowa ya raina ba, da babu abin da za a gwada Syrah da shi, da har yau labarin jarumin Farisa muke maimaitawa.

Shi ma Syrah ɗin bai tsira da sauƙi ba. Bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu matasa suka bar gangaren suka tafi masana'antu, wasu suka koma noman 'ya'yan itace a fadamar kogi. A 1958 duk Syrah na Faransa wajen hekta 1,600 ne kawai. Daga shekarun 1970 aka shiga dasa shi a yankin Languedoc na kudancin Faransa da kudancin Rhône don inganta abin da suke samarwa, har ya wuce hekta 60,000.

Sunan Shiraz kuwa Ostareliya ce ta yaɗa shi. James Busby ya zagaya gonakin Sifen da Faransa a 1831 yana tara rassa, suka isa Sidni a 1832. A rubutunsa ya kira irin Scyras, ya kuma kawo labarin mutanen Hermitage cewa daga Farisa aka zo da shi. A hankali sunan Shiraz ya zauna a bakin manoman can, tare da Hermitage, wanda aka daina amfani da shi a ƙarshen shekarun 1980 saboda suna ne na wuri da dokar Faransa ke karewa. Filoksera ta shiga Victoria a 1877, amma jihar Ostareliya ta Kudu ta kafa doka mai tsanani a 1899 kan shigo da shuka, kuma har yanzu ƙwaron bai kama gonakinta ba. Sakamakon haka, a Barossa akwai kurangun Shiraz da aka dasa a 1843, a gonar Langmeil, tsaye a kan saiwarsu ta asali, suna ba da 'ya'ya har yau. Sun girmi kusan duk abin da ke Faransa. Abin takaici, a tsakiyar shekarun 1980 da kasuwa ta faɗi, gwamnatin jihar ta biya manoma su tumɓuke kurangu, tsofaffi da yawa suka tafi a haka, kafin 'yan shekaru kaɗan duniya ta dawo tana neman irinsu da tsada.

Kada ka rikita shi da Petite Sirah na Kalifoniya. Wannan wani iri ne dabam, sunansa na asali Durif, kuma ɗan Syrah ne da wani iri mai suna Peloursin.

Akwai wata cuta da ta keɓanta da shi wadda za ka ci karo da ita a karatu. Tun shekarun 1990 manoman kudancin Faransa suka lura wurin auren yana kumbura yana tsagewa, ganye ya yi ja kafin lokaci, bayan 'yan shekaru kurangar ta mutu. Bincike ya nuna wasu zaɓaɓɓun layukan Syrah, wato dashen da aka yaɗa daga kuranga guda da aka zaɓa, sun fi wasu kamuwa, aka janye su daga gidajen renon dashe. Asarar ta yi yawa ne saboda an dasa dubban hekta daga layuka 'yan ƙalilan.

Game da ƙasashe masu zafi, Syrah na cikin ire-iren Turai da suka fi jurewa. Ana nomansa a kwarin São Francisco na Brazil, kusa da Petrolina, da Nashik a Indiya, da Khao Yai a Tailan. Tunda babu hunturun da zai sa kurangar barci, manomi ne ke ƙirƙirar mata lokaci: ya janye ruwa, ya yi aski, ya shafa maganin tayar da toho, ya daidaita yadda nunar za ta faɗo a lokacin rani. A São Francisco ana girbi sau biyu a shekara ta wannan hanya. Dabarar askin da sarrafa ruwan ita ce abin koyo ga masu noman inabi a wurare irin su Kudan ta jihar Kaduna. Irin kansa kuwa ba na ba manomin da kasuwarsa ta masu ci ce shawarar dasa shi, domin ƙananan ƙwayoyi masu iri da bauri ba za su yi gogayya da manyan inabin ci a faranti ba, kuma nonon nasa yana saurin ruɓewa idan damina ta riske shi yana nuna.